Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta Hausa, da yadda za a kauce musu

Masu saurarenmu na karkara da ƴan uwa mazauna Kano, Legas, Libiya da Makka sukan aiko mana da saƙonni a rubuce, kuma sau da yawa sai mai gabatar da shiri ya karanta saƙo sau biyu ko uku kafin ya gane inda aka dosa. Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar cikin watan Maris na 2025, batun ya wuce gaisuwar rediyo. Ɗalibi mai rubuta bincike, malamin lakwal, magatakardan ƙungiyar manoma, duk suna buƙatar rubutun da ba za a yi masa fassara biyu ba.

Ƙa'idar ba sabuwa ba ce. Masana sun zauna a Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO, sun sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijar da na Najeriya, sannan a 1999 ma'aikatar ilimi ta ƙasarmu ta fitar da dokar da ake bi yanzu. Mu ƴan Damagaram muna da hannu a ciki, domin a nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973.

Kuskure mafi yawa shi ne barin haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Kowannensu harafi ne mai zaman kansa. Kura dabba ce, ƙura kuwa ita ce ke rufe mu lokacin hunturu. Kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, haka karya da ƙarya. Harafin ƴ namu ne na Nijar. A Najeriya ana rubuta shi 'y, don haka wanda ya ga 'yan uwa a jaridar Kano kada ya ce an yi kuskure. Abin da ba a so shi ne a gauraya biyun a takarda guda.

Sai raba kalmomi da haɗa su, kuma nan ne aka fi samun rigima. A ce mutum yana aiki a ƙetare, ya aiko da kuɗin taki ta hannun ƙanensa don a kai wa mahaifiyarsu. Ƙanen ya rubuto: "na bata kudin". To me ya ce? Idan "na ba ta kuɗin" yake nufi, amana ta isa. Idan kuwa "na ɓata kuɗin" ne, sai a kira taron dangi. Lanƙwasa ɗaya da tazara ɗaya ne kawai tsakanin maganganun biyu. Ƙa'idar ita ce wakilin sunan da aiki ya faɗa wa yana tsayawa shi kaɗai: ya ba ta, ya kira mu, ya sa ni. Duba wannan na ƙarshe, in aka haɗe shi ya koma "ya sani", magana ta sauya gaba ɗaya. Na mallaka kuwa manne yake da sunan: gonarsa, gidanmu, littafinta.

Ana haɗa yana, tana, suna, yakan, muka, suka. Ana raba za mu, za su, ba ya, ba ta. Ne da ce kullum a ware suke, shi ya sa "shi ne" daidai ne, "shine" kuskure, ko da yake ya cika Facebook har wasu sun ɗauka haka ake yi.

Akwai wata matsala da ta fi damun mu a Nijar fiye da maƙwabtanmu, wato rubuta Hausa da hannun Faransanci. Wanda ya yi lakwal ya saba da ou a madadin u, ch a madadin sh, tch a madadin c, dj a madadin j. Sai ka ga an rubuta "koudi" ko "tchiniki". A rubutun Hausa kuɗi ne, ciniki ne, shekara ce. Haka sunayen garuruwa: a takardar gwamnati Magaria da Tanout da Gouré, a cikin zancen Hausa Magarya da Tanut da Gure. Amma a yi hattara da sunan mutum. Idan takardar haihuwa ta ce Chaïbou, a bar shi haka a duk takardar da za ta shiga ofis ko jarrabawa, don bambancin harafi ɗaya kan iya riƙe takardun mutum wata da watanni.

Ƙananan abubuwa biyu da ake rainawa su ne baƙi mai ruɓi da alamar ɗauri. Baba daban, babba daban. Mana daban, ma'ana daban.

Game da karin harshe, ba mu ce kowa ya bar maganar garinsu ba. Bagobiri ya ce hita ko shina, babu laifi a baki, kuma a waƙa ko tatsuniya ma ya fi daɗi. A rubutun ilimi dai ana bin daidaitacciyar Hausa, fita da yana, don mai karatu a Gure da mai karatu a Kumasi su fahimci abu guda.

Ta fuskar salo, ciwon ɗalibanmu shi ne doguwar jimla. Mutum ya yi tunani da Faransanci, sai ya jero layi shida babu aya, "wanda" na bin "wanda", har mai karatu ya manta wa ake magana a kai. A yanka ta uku. A faɗi wanda ya yi aikin, a faɗi aikin, a sa aya. Kalmomin cike gibi na hira, irin su "ka gane" da "donc" da "wato kenan", a bar su a majalisa. Idan an ɗauko magana daga littafin wani, a ambaci sunansa da shekarar da littafin ya fito. In kalma ta yi shakka, ƙamusun Bargery na 1934 har yau yana da amfani.

Masu cewa wayarsu ba ta da ƙ da ɗ, su shiga saitin allon rubutu na Gboard su ƙara harshen Hausa, haruffan za su fito. Wanda bai iya ba ya miƙa wa yaron da ke cajin waya a kasuwa, aikin minti biyu ne.