Haruffa Masu Ƙugiya a Shagunan Kwamfuta na Kebbi

Lokacin da Janar Babangida ya yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, ma'aikatan da suka dawo Birnin Kebbi da tafiretocinsu suka zo. Mu da muka koyi buga takardu a wancan zamani mun san wahalar gyara. Idan maigida ya ce a ja layi a ƙarƙashin wani suna duk inda ya fito a rahoto, sai ka bi shi ɗaya bayan ɗaya, in kuma kuskure ya yi yawa a sitansil, a yaga a sake. Rubutun Hausa ya fi cin rai, domin yawancin tafiretocin babu ƙ, ɗ da ɓ. Sai an gama bugu a ɗauki biro ana yi wa haruffa ƙugiya, wanda ido ya tsallake kuwa ya mayar da ɓarawo barawo.

Da kwamfuta ta shigo, shaguna suka buɗe kusa da kwalejin fasaha da ake kira Waziri Umaru yanzu, da kwalejin ilimi ta Adamu Augie a Argungu, ɗalibai na kawo furojet rubutun hannu. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya fito da fon na Hausa, Rabi'at da Abdalla, muka samu sa'ida. Dabarar irin waɗannan fon aron maɓalli ce: a wasu ka danna q, x, v su fito ƙ, ɗ, ɓ, a wasu kuma } da ] da ~ aka ara. Muddin fon ɗin na cikin na'urar, komai lafiya lau. Da zarar an kai aikin wani shago da ba shi da shi, sai ka ga "qasa" da "xaya" da "vangare" sun cika shafi.

Nan ne muka san darajar Ctrl+H, wato akwatin nemo abu a musanya shi, a Microsoft Word. Da Unicode ya bai wa kowane harafi lambarsa, ƙ 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, sai ya zama ka rubuta lambar ka danna Alt da X harafin ya fito, ka sa q a akwatin sama, ƙ a na ƙasa, ka kunna Match case don kada babba da ƙarami su cakuɗe, ka danna Replace All. Aikin yini ya koma na minti ɗaya. Ɗalibin da ya rubuta da Turanci kan bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, malaminsa zai ce kalmomin Hausa irin su homa da gora da giwan ruwa a karkata su. Sai ka sa kalmar a sama, ka rubuta ^& a ƙasa, ka danna Ctrl+I, duk inda take ta karkace ba tare da an taɓa harafi ɗaya ba.

Amma gaggawa ta yi mana ɓarna mai yawa, kuma har yau abin na yi mini ciwo. Na'ura ba ta san Hausa da Turanci ba, duk v da ta gani canja shi take yi. Shi ya sa za ka buɗe kundin digiri mai kyau, ka isa shafin manazarta ka tarar da "Uniɓersity". Maganin kuwa yana cikin akwatin nan: danna More, ka shiga Format ka zaɓi fon ɗin Hausa kaɗai, ko ka haskaka sashen Hausa kafin ka canja, ka kuma ajiye kwafin asali tukuna.

Yaran da ke shagunan yau da waya suka tashi, ƙ da ɗ na nan a allon wayarsu, ba su san fon na aro ba. Tsofaffin ayyukan da aka buga kan Sarki Kanta na Kebbi da masarautar Gwandu da waƙoƙin masunta kuwa suna nan kwance cikin filashi da tsofaffin na'urori da q da x. Malaman sassan Hausa na Birnin Kebbi da Argungu, don Allah ku sa a juya su zuwa Unicode tun masu sanin maɓallan nan suna bakin aiki, ku kuma daina karɓar sabon furojet da aka buga da fon na aro.