Yadda ake gwada tayoyin motocin da ke tafiya a duniyar wata

Tayar roba irin ta motocinmu ba ta dace da duniyar wata ba. Da rana zafi kan kai maki 120 a ma'aunin Salsiyus, da dare kuma sanyi ya wuce maki 150 ƙasa da sifiri, yanayin da roba ba ta jurewa. Shi ya sa motar da ƴan sama jannatin Amurka suka tuƙa a tafiye-tafiyen Apollo 15, 16 da 17, a shekarun 1971 da 1972, aka saƙa tayoyinta da wayar ƙarfe kamar raga, aka liƙa musu sillayen ƙarfen titaniyom domin su riƙe ƙasa. Ragar tana lotsawa ta baje a kan turɓaya, irin dabarar direbobin hanyar Agadas zuwa Dirku da ke rage iskar taya kafin su shiga yashi.

Gwajin kansa a cikin dogon akwati ake yin sa. Ana cika shi da ƙasar da aka haɗa ta yi kama da ta wata, yawanci niƙaƙƙen dutsen aman wuta, saboda rairayin hamada iska ta goge shi ya yi sumul, alhali ƙurar wata tana da kaifi. Sai a ɗora wa taya ɗaya nauyi, a juya ta, a auna zurfin nutsewarta, da ƙarfin da take ja da shi, da yawan juyin da take yi a banza ba tare da ta ci gaba ba. Haka aka gwada tayar Apollo a wata cibiyar sojan Amurka da ke Vicksburg, yanzu kuma NASA na da irin wannan ɗaki a Cleveland.

Inda gizo ke saƙa shi ne nauyi. Ƙarfin da wata ke jan abu da shi kashi ɗaya ne cikin shida na duniyarmu, don haka injiniyoyi suka saba rage nauyin motar gwaji. Amma ita ƙasar akwatin tana nan da cikakken nauyinta, a danne, ta fi ta wata tauri. Masu bincike a Jami'ar Wisconsin-Madison sun nuna a 2025 cewa wannan na sa taya ta yi kyau a gwaji fiye da yadda za ta yi a can. Ana cike giɓin da lissafin kwamfuta, ko da jirgin sama mai hawa da gangarowa, wanda ke samar da nauyi irin na wata na daƙiƙu ashirin da ƴan kai a kowane zagaye.