Mayday da Pan-Pan: Kalmomin neman agaji a sama da kan teku

Idan jirgin sama ko na ruwa ya shiga haɗari, matuƙi ba shi da lokacin dogon bayani. Shi ya sa ƙasashen duniya suka amince da wasu 'yan kalmomi da duk mai sauraron rediyon jirage zai gane nan take, kowane harshe yake ji.

Mafi girma a cikinsu ita ce "Mayday". Ana furta ta sau uku a jere idan rayuka suna bakin halaka, kamar lokacin da gobara ta tashi ko jirgi ya fara nutsewa. Frederick Mockford, jami'in rediyo a filin jirgin saman Croydon da ke Landan, shi ne ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1920 daga lafazin Faransanci mai nufin "a taimake ni", saboda yawancin jiragen filin tsakanin Landan da Paris suke zirga-zirga. An amince da ita a taron ƙasa da ƙasa na Washington a 1927. Da zarar an ji ta, wajibi ne sauran masu magana a tashar su yi shiru.

Mai bi mata ita ce "Pan-Pan", daga kalmar Faransanci mai nufin lalacewar na'ura. Tana nuna matsala ta gaggawa wadda ba ta kai ga barazanar mutuwa ba tukuna, misali injin jirgin ruwa ya tsaya. Sai "Sécurité", wadda ake fara sanarwar gargaɗi da ita, kamar ta guguwa a teku.

An keɓe mita 121.5 megahaz don kiran gaggawa na jiragen sama, jiragen ruwa kuwa tasha ta 16. Matuƙin jirgin sama yana iya danna lamba 7700, nan take alamar gaggawa ta bayyana a allon masu kula da sararin samaniya.

Rashin furta kalmar da ta dace ya taɓa jawo asarar rayuka. A ranar 25 ga Janairun 1990, man jirgin Avianca mai lamba 52 daga Kolombiya ya ƙare a kusa da New York bayan an daɗe ana jinkirta saukarsa. Matuƙan sun faɗa cewa mai yana ƙarewa, sun kuma nemi a ba su fifiko, amma ba su ce "Mayday" ba, don haka masu kula da jirage ba su fahimci tsananin lamarin ba. Jirgin ya faɗi, mutum 73 suka rasu.