Daga Madatsar Sinnar Zuwa Batirin Tsakar Gida

Sa'ad da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya sauka da jama'arsa a gaɓar Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, wutar itace da fitilar mai su ne hasken dare. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar domin shayar da gonakin audugar Jazira, amma sai a 1962 ta soma ba da lantarki. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, wuta ta yanke a garuruwa da dama, gidaje suka dogara ga sola da batir.

Wutar batir miƙe take gudana, ba ta kai-da-komo irin ta turakun gwamnati. Ilimin auna ta ya faro a 1820, lokacin da Oersted, mutumin Denmak, ya lura allurar kamfas tana karkacewa kusa da wayar da wuta ke bi. A 1827 Ohm, Bajamushe, ya fitar da ƙa'idar lissafinta, sannan a 1859 Planté na Faransa ya ƙera batirin dalma, kakan wanda ke ɗakunanmu.

To, ya mai karatu, masu kula da madatsa ba sa wadatuwa da duban tsayin ruwa. Suna rubuta abin da ya shigo da abin da aka saki. Haka batir yake. Idan ya huta, bolt 12.7 alamar cika ce, 12.2 kuwa kusan rabi. Amma in ana caji, ko fanka tana juyawa, lambar yaudara ce.

Shi ya sa masu motocin kwana na Amurka da Turai suke ɗaura wani guntun ƙarfe mai suna shant a kan wayar nagatif, ta yadda duk wutar da za ta shiga ko ta fita sai ta ratsa shi. Na'ura kuma tana ƙirgawa: fanka mai cin amfiya 2, cikin awa 10 ta sha 20 daga batir mai 100.

Batirin dalma da ake tatsewa ƙasa da rabi kullum ba ya daɗewa. Inda firjin magani da wayar jin labarin dangi suka rataya a kansa, kuma sabo ya yi tsada, ƙirgen nan tattalin rai ne.