Ambaliyar Alau ta 2024 da Zargin Siyasantar da Musiba

Tun bayan ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga Satumba, 2024, wani ra'ayi ya samu gindin zama a bakin wasu masu sharhi. Cewa suke yi fushin da jama'a suka nuna wa hukuma zafin asara ne kawai, masu neman mulki kuma suka rura shi domin cin ribar siyasa. Ra'ayin yana da madogara a fagen kimiyyar siyasa, wato aikin Achen da Bartels (2016), waɗanda suka nuna cewa masu jefa ƙuri'a kan hukunta shugabanni a kan abin da ba su da iko a kai, kamar fari, ko hare-haren kifin shak a gaɓar New Jersey a 1916, waɗanda suka ce sun rage wa Shugaban Amurka Woodrow Wilson ƙuri'u. A ganina, ɗora wannan nazari a kan Maiduguri kuskure ne, kuma kuskuren yana da illa.

Hujjar Achen da Bartels tana tsayawa ne a kan sharaɗi guda: musibar ta kasance babu hannun hukuma a cikinta. Ko misalin kifin shak ɗin ma, Fowler da Hall (2018) sun sake bin alƙaluman, suka ce shaidar ba ta da ƙarfin da aka ɗauka. To amma a bar wannan. Ko da hujjar ta inganta a New Jersey, madatsar Alau, wadda ruwanta ya malale garin, ginin gwamnati ce, an kammala ta a 1986 a kan kogin Ngadda, tana kuma ƙarƙashin Hukumar Raya Tafkin Chadi ta tarayya. Ta taɓa yi wa garin irin wannan ɓarna a 1994. Ke nan shekara 30 ce tsakanin wancan gargaɗi da ambaliyar 2024. Mutumin unguwar Gwange ko Fori da ya farka tsakar dare ruwa na shigo masa ɗaki, ya ɗauki yara a kafaɗa ya bar buhun hatsi da takardun makaranta, idan ya tambayi wanda aka damƙa wa kula da madatsar, tambaya ce da take da mai amsa ta.

Mai ja da ni zai ce damina ce ta yi ƙarfi fiye da kima a duk yankin, Chadi da Nijar da Kamaru ma sun sha ambaliya a shekarar. Gaskiya ne. Ministan Albarkatun Ruwa, Joseph Utsev, shi ma ya dage cewa madatsar ba ta rushe ba, ruwa ne ya fi ƙarfin wani ɓangarenta. A nan dole in taƙaita da'awata zuwa abin da shaida za ta iya ɗauka: ba zan ce gyaran madatsar da ya hana ambaliya baki ɗaya ba, wannan magana ce ta injiniyoyi. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne batun gargaɗi. Kwanaki kaɗan kafin aukuwar lamarin, tawagar gwamnatin jihar ta je ta duba madatsar, ta dawo ta kwantar wa jama'a da hankali. Ruwan sama ba ya hannun kowa, amma faɗa wa mutane su tashi, da tanadar musu inda za su je, aikin hukuma ne. Ɓarnar ambaliyar kuwa kowa ya gan ta: ruwa ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da fadar Shehun Borno da Kasuwar Monday, fursunoni sama da 270 suka tsere bayan katangar gidan yari ta faɗi, kadoji da macizai suka fita daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi, wanda aka rufe a 2021, sai da aka sake buɗe shi, aka mayar da mutanen da wasunsu Boko Haram ta riga ta raba da gidajensu sau ɗaya.

Akwai kuma masu kawo ƙaddara domin rufe bakin mai ƙorafi. Babu Musulmin da ke musun ƙaddara. Sai dai Sayyidina Umar, da ya ji labarin annoba a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa daga hanya, bai kuma ga hakan ya saɓa wa imani da hukuncin Allah ba. Haƙurin wanda ya rasa ɗa ba ya sauke nauyin da ke kan wanda aka ba amana.

Inda ra'ayin abokan jayayyata ya fi rauni, a nawa fahimtar, shi ne wurin da suke neman siyasar. Suna hango ta a bakin talaka mai ƙorafi, suna kau da kai daga jerin gwanon motocin masu zuwa jaje. Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya je, Shugaba Bola Tinubu ya biyo baya cikin mako guda, gwamnoni da manyan 'yan siyasa na kowace jam'iyya suka yi ta tururuwa zuwa gidan gwamnati, ana sanar da gudummawa gaban 'yan jarida. Jaje al'adarmu ce, kuma kuɗin sun yi wa mutane rana, ba na raina su. Amma Healy da Malhotra (2009) sun gano a Amurka cewa masu zaɓe kan saka wa gwamnati a kan kuɗin agaji, ba sa saka mata a kan kuɗin rigakafi, alhali dala ɗaya ta rigakafi tana tare asarar kusan dala 15. Idan har wannan ya yi daidai da halinmu, kuma alamu na nuna haka, to ɗan siyasa ya fi samun riba da rabon shinkafa da tabarmi a sansani fiye da toshe tsagar da babu mai ɗaukar hotonta. Naira biliyan 80 na sake gina Alau sai a Fabrairun 2025 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da su, bayan gari ya riga ya nutse.

Na yarda cewa fushin jama'a yana da nasa gajartar. Ya fi zafi a kan wanda aka tsallake wajen rabon tallafi, ya kan kuma huce da zarar ruwa ya janye. Maganin wannan shi ne a ba fushin alkibla, kuma aikin masana ne: a bi kasafin kuɗin da aka riƙa ware wa gyaran Alau tun daga 1994, a ga nawa aka saki, wa aka ba kwangila, me aka yi. Kiran mai tambaya ɗan adawa ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mutanen Maiduguri suna da haƙƙin a buga musu wannan lissafi a fili, kuma Majalisar Tarayya ce ke da ikon tilasta a fito da shi.