Tarihin Binciken Kromosom na Jinsi a Kifayen Ruwan Daɗi

Batun da ke gabanmu shi ne yadda masana suka bi diddigin abin da ke sa ɗan kifi ya tashi namiji ko mace, da yadda kifayen kogi da tafki suka rushe wata fahimta da aka daɗe ana dogara da ita.

A cikin kowace ƙwayar halitta akwai waɗansu zarurruka da ake kira kromosom. Su ke ɗauke da ƙwayoyin gado, kuma bibbiyu suke zuwa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A 1891 Hermann Henking na Jamus ya ga wani baƙon zare a jikin wani ƙwaro, ya rasa sunan da zai ba shi, sai ya kira shi X. A 1905 Nettie Stevens ta Amurka ta nuna cewa a wani ƙwaron mace na da X biyu, namiji kuwa X ɗaya da wani ɗan guntu, wanda aka sa wa suna Y. Haka aka tarar a ɗan Adam. Tsuntsaye kuwa akasin haka ne, mace ce ke da zare biyu mabambanta, watau Z da W.

Daga nan aka gina bayani mai gamsarwa, wanda Susumu Ohno ya tattara a littafinsa na 1967. Da can X da Y tagwaye ne masu kama ɗaya. Sai ƙwayar gado mai sa namiji ta bayyana a kan ɗayansu, suka daina musayar sassa, shi kuwa Y ya yi ta zubar da kayansa har ya ƙanƙance. Lalle haka ya faru a dabbobi masu shayarwa cikin shekara fiye da miliyan 150: X na mutum yana da ƙwayoyin gado wajen 800, Y kuwa kaɗan ne kawai suka rage masa. Kuskuren da aka yi shi ne ɗaukar wannan hanya tamkar ita ce tilas ga kowace dabba.

Alhali kuwa tun 1921 kifi ya fara ba da wata shaida. A wannan shekara Tatuo Aida na Japan ya buga nazarinsa a kan medaka, wani ɗan kifi da ke zaune a gonakin shinkafa, ya nuna cewa jan launinsa yana iya bin Y daga uba zuwa ɗa, kuma X da Y ɗinsa suna musayar sassa har yanzu. Shekara guda bayan haka Öjvind Winge na Danmak ya soma buga irin wannan sakamako a kan kifin gufi. Amma idan aka sa ƙwayoyin yawancin kifaye a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ba a iya bambanta X da Y, don haka masu wannan fanni suka fi karkata ga ƙwari da ɓeraye. A ganina wannan sakaci ya jinkirta ilmin da shekaru masu yawa.

Wanda ya sake tada zancen shi ne Toki-o Yamamoto na Jami'ar Nagoya. A 1953 ya ciyar da 'ya'yan medaka abinci mai sinadarin jikin mace, sai masu XY suka tashi mata sosai, har suka yi ƙwai suka hayayyafa. A 1958 ya yi akasin haka. Watau a kifi kromosom yana nuna hanya ne kurum, ana iya karkatar da shi.

Bayan an gano SRY a 1990, ƙwayar gadon da ke sa namiji a mutum, an nemi irinta a kifi ba a samu ba. Sai a 2002 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Japan ɗaya a Jamus, suka gano ta medaka, aka kira ta DMY, kuma ba ta da dangantaka da SRY. Abin mamaki, danginsa na kusa ma ba su yarda da ita ba: Oryzias luzonensis na Filifin da wata ƙwayar yake aiki, wani dangin kuma tsarin ZW yake bi irin na tsuntsaye. A 2012 masu bincike a Faransa suka tarar cewa a kifin tirawut ƙwayar jinsi ta samo asali ne daga wata ƙwaya ta garkuwar jiki. A 2014 kuma aka nuna cewa kifin zebra na kogunan Indiya yana da tsarin ZW, amma manyan zuriyoyin da aka yi ta kiwo a ɗakunan bincike sun yar da shi cikin 'yan shekaru, kuma ba su fasa haifar maza da mata ba.

Ke nan a kifi kromosom na jinsi ba ya daɗewa har ya tsufa. Kafin Y ya ƙanƙance, sau da yawa wata sabuwar ƙwaya takan karɓi aikin a kan wani zaren dabam, tarihin ya koma farko.

Wannan ya shafi karfasar da ke kogunanmu. Karfasar Nilu tsarin XY take bi, kuma a 2015 aka nuna ƙwayar da ke sa namiji a cikinta, amhy. 'Yar'uwarta shuɗiyar karfasa kuwa ZW ce. Mai kiwon kifi ya fi son maza zalla, domin sun fi saurin girma, kuma idan an gauraya su da mata sai kududdufi ya cika da ƙananan da ba su da kasuwa. Tun 1960 C. F. Hickling ya samu maza kusan zalla a Malaka ta hanyar haɗa irin karfasa biyu. A 1995 kuma aka nuna cewa ruwa mai zafin wajen digiri 36, idan ya sami 'ya'yan karfasar Nilu a makonninsu na farko, yakan mai da masu XX da yawa su zama maza.