Asalin Zauren Hausawa a Kasuwar Anacha

Duk Bahaushen da ya taɓa sauka Anacha da kaya ya san abin da ake fara tambayarsa tun kafin ya sha ruwa: "Wane ne maigidanka?" In ba shi da amsa, sai a ce da wani yaro ya kai shi zaure. To, wannan zaure da ake kai baƙo yana da asali, kuma asalinsa na haɗe da na kasuwar kanta.

A da can Anacha gari biyu ne. Akwai na tudu, inda Obi, sarkin garin, da mutanensa suke zaune, akwai kuma na bakin kogin Kwara, wanda Ibo ke kira Otu. Kwanakin Ibo huɗu ne: Eke, Oye, Afo da Nkwo. Kasuwar bakin ruwa ranar Nkwo take ci, shi ya sa ake ce mata Otu Nkwo. Nan jiragen Igala da na Nufawa ke tsayawa, Bahaushe kuwa ta wannan hanyar ruwa ya gangaro, da kanwarsa da tufafinsa. A 1857 jirgin Bature Baikie ya iso da Samuel Ajayi Crowther, aka kafa mishan, aka buɗe kantin Turawa a gaɓa. Da kamfanin Royal Niger ya yi hedikwata a Asaba, tsallaken kogi, sojojinsa da yawa Hausa suke ji. Gaɓar da a da ake zuwa a koma, sai ta zama unguwa.

Fatake ba sa zama babu mai masauki. Wanda ya riga kowa zuwa, ya ji yaren gari, ya san wanda ke biyan bashi da wanda ba ya biya, shi ne maigida. Baƙo ya ajiye kayansa a gidansa, ya ci tuwonsa, dillalansa su sayar, a cire la'ada. Galibin cinikin kuwa bashi ne, ba takarda, ba sa hannu, sai bakin maigida. Ranar da mai saye ya yi nauyin biya, ina za a zauna a yi magana? A ƙofar gidan maigida, ƙarƙashin rumfa, a kan tabarma. Wannan rumfar ita ce uwar zaure. Da masu gida suka yi yawa, rikicin da ke tsakaninsu ya fi ƙarfin rumfa ɗaya, sai aka ɗaga ɗaya daga cikinsu aka ce shi ne Sarkin Hausawa. Turawan mulki ma abin ya yi musu daɗi, don sun sami mutum guda da za su kama in baƙi sun yi laifi ko haraji ya makara.

A nan akwai abin lura. Ibo in sun yi yawa a baƙon wuri, ƙungiyar garinsu suke kafawa, su yi karo-karo su gina babban ɗakin taro da kujeru da sakatare da littafin tara. Wanda ya san Sabon Garin Kano ya ga irinsu. Bahaushe bai bi ta nan ba. Nasa ɗakin taron a rarrabe yake: ƙaramar magana a zauren maigida, babba a gaban Sarki, wadda ta shafi kowa kuwa a harabar masallaci bayan an sallame Juma'a. Babban masallacin Anacha yana kan titin Bida, kusa da kasuwa, ga kuma titin Sakkwato nan a yankin. Sunayen titunan kaɗai sun isa su gaya maka su wane ne suka daɗe a wurin.

Ka shiga zauren da la'asar ka gani. Takalma jere a bakin ƙofa, butoci a gefe, ana fasa goro ana miƙawa. Ga wani ya kawo albasa daga Aliero, wata 'yar kasuwar Ose ta ɗauki buhu ashirin bashi, ta dawo tana cewa rabi ya ruɓe. Mai kaya ya durƙusa: "Ranka ya daɗe, lafiya lau na sauke ta." Sai Sarki ya juya ga dillali: "Kai ka tsaya mata, me ka gani?" Da tafinta da rantsuwa, a ƙarshe a raba asara, kowa ya tashi yana gunaguni amma gobe su sake ciniki. A nan ake tara kuɗin likkafanin baƙon da ya rasu ba dangi, a nan ake neman belin yaron da aka kama, a nan ake haɗa wa wanda jarinsa ya karye kuɗin motar gida. Ban ce kullum adalci ake yi ba. Mai ƙaramin jari ya sha ganin an karkata wajen mai tirela.

Wuta ta sha gwada wannan zama. An gama gadar Kwara a 1965, shekara ta zagayo aka shiga kashe-kashen ƙabilanci na 1966, 'yan Arewa suka kwashe suka bar Gabas. A Oktoban 1967, ana cikin yaƙin basasa, lokacin da rundunar Murtala Muhammad ke ƙoƙarin ƙetarowa daga Asaba, babbar kasuwar ta ƙone ƙurmus. Bayan an gama yaƙi a 1970 aka sake gina ta, masu shanu da wake da busasshen kifi suka dawo, aka shimfiɗa tabarma inda aka samu. A Fabrairun 2006, da aka kashe Kiristoci a Maiduguri kan zanen ɓatanci na Denmark, aka yi ramuwar gayya a Anacha, aka ƙona masallacin titin Bida, mutane suka tsallaka gada da ƙafa zuwa Asaba, wasu suka fake a barikin soja. Waɗansu daga ranar ba su sake kwana a Anacha ba, sai dai su shigo kasuwa da safe su koma tsallake da yamma.

Yau kuɗi ta waya suke tafiya, tun direba na Lakwaja maigida ya riga ya san yawan buhunan da ke bisa. A 2021 kuma aka shiga zaman gida na tilas ranar Litinin a ƙasar Ibo, ya zama dole mai kayan gwari ya lissafa tafiyarsa kada tumatir ya kwana a mota. Sanarwar jan kunnen fatake kan irin wannan ma daga zaure take fitowa, ladan ya maimaita ta bayan sallar isha'i.